Dokin Ƙofa

A Minannata, bayan injin niƙan Alu,
akwai wani ɗaki mai rufin kwano
inda nake koyar da haɗa sabulu,
Litinin da Laraba, in la'asar ta yi sanyi.

Ranar farko na share, na jera benci,
na rubuta "Lale marhabin" a jikin allo
da manyan baƙaƙe, har ina yaba hannuna.
Ban lura da dokin ƙofa ba.
Taki guda ne tsayinsa,
ko ɗan yaye zai tsallake.

Sai ga Tumba daga Gidan Igwai
bisa kekenta mai ƙafa uku.
Da hannu ta murzo shi cikin ranar Sakkwato,
gumi na ɗiga daga haɓarta.
Ta tsaya waje, ta leƙo allona,
ta ce, "Malama, wagga maraba taku,
had da ni ciki?"

Na lalubi bakina, babu amsa.

Modi, tsohon direban tirela
da idonsa ya fara gajiya da hanya,
ya fita bai ce uffan ba,
ya dawo da guduma da rabin buhun siminti.
Ranar ba mu taɓa soda ba, balle man kwakwa.
Mun fasa dokin ƙofa, mun kwaɓa gangare,
Tumba na ba da umarni kamar 'yar kwangila:
"Ku ƙara kwantar da shi,
ba dutsin Kwatarkwashi za ni hawa ba!"

Sati na biyu, takardar suna.
Kowa ya sa hannu,
sai Inna Yalli ta ce ta manto tabarau.
Laraba ma tabarau ya kwana gida.
Na gane.
Na sayo tawadar dangwale,
na fara sa yatsana, na miƙa wa na kusa.
Tun ranar, mai digiri
da wadda ba ta taɓa riƙe biro ba,
da shuɗin yatsa suke komawa gida.

Luba ba ta ji.
Kwana nawa na yi ina zance da allo,
na bar ta da kallon ƙeyata?
Ita ta kama kafaɗata, ta juyo ni,
ta nuna leɓɓana, ta nuna idonta.
Yanzu a hankali nake magana, fuska ga jama'a,
har Nkechi matar mai kemis,
da Hausarta ke tafiya tana tuntuɓe,
ta ce ita ma haka ta fi kamawa.

Ba kullum ake tashi lafiya ba.
An yi ranar da benci ya yi wa Bube faɗi,
don an ji daga gidan yari ya fito.
Jakunkuna suka koma ƙarƙashin hammata.
Ban yi wa'azi ba, ban iya ba.
Na dai ciro makullin asusun aji
na rataya masa a wuya.
Hannunsa ya yi rawa.
Mata biyu suka tashi suka fita.
Ɗaya ta dawo bayan sati uku, ba ta ce komai ba,
ta karɓi muciya daga hannunsa ta ci gaba da juyi.
Ɗayar har yau ina ajiye mata wuri
kusa da taga.

Sabulunmu na farko ya ƙi ɗaurewa,
muka yi dariya har Luba ta riƙe ciki.
Na uku ya yi kumfa.
Modi ya kai wa matarsa, an ce ta yi guɗa.

Rubutun allon nan ya daɗe da gogewa,
lissafin awo ya cinye wurinsa,
ban kuma sake shi ba.
Amma in ka zo, dubi ƙasa kafin ka shiga:
Tumba ba ta jira siminti ya bushe ba.
Sawun taya uku na nan,
sun nufi ciki.